Wa ya ƙirga mamatanmu? Gardamar korona da rabon allurar rigakafi

Watan Afrilun 2020 ne, zafin bazara ya kai maƙura, azumi ya kawo jiki. A birnin Kano, masu haƙa kabari ne suka fara ɗaga murya. A maƙabartar Ɗandolo da sauran maƙabartun cikin gari, suka ce gawarwakin da ake kawo musu sun zarce abin da suka saba gani nesa ba kusa ba, kuma galibi dattawa ne. Gwamnatin jiha ta ce ba korona ba ce, hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken gwamnatin tarayya ya gano mutum 979 sun rasu a ƙananan hukumomi 8 na birnin, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadinsu.

Jama'a, ku riƙe wannan kalma ta "mai yiwuwa", don a kanta duk gardamar take. Galibin bayin Allahn nan ba a gwada su ba. A gida suka cika, aka yi musu wanka da sutura, aka kai su makwanci a ranar, kamar yadda addini ya tanada. A daidai lokacin ma ɗakin gwajin korona na Kano ya rufe na wasu kwanaki. Da masu bincike suka zo, iyalai suka bi gida-gida da tambaya: ya yi tari? Numfashinsa ya sarƙe? Kwana nawa ya yi a kwance?

To, me ake nufi idan aka ce cuta tana kashe kashi kaza cikin ɗari? Amsar tana ga wannan ɗarin: ɗari na su wa? Mu ɗauki misali. A wani gari mutum 1,000 sun kamu. Mutum 100 ne jikinsu ya yi tsanani har aka gwada su, 5 suka rasu. Wanda ya duba littafin asibiti zai ce kashi 5 cikin ɗari. Wanda ya lissafa da duk dubun nan zai ce rabin kashi ɗaya. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ma'aunin ne ba ɗaya ba. A farkon Maris 2020 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya ambaci kashi 3.4, yana nufin cikin waɗanda aka tabbatar sun kamu. Daga baya gwajin jini ya nuna masu kamuwa ba su sani ba suna da ɗimbin yawa, adadin ya faɗo ƙasa da kashi 1 a wurare da dama. Nan wasu suka ce, ai kun gani, mura ce kawai.

Sai dai korona ba ta yi wa kowa kuɗin goro ba. Haɗarinta ga ɗan shekara 80 ya ninka na ɗan shekara 20 sau ɗaruruwa. Rabin mutanen Nijar ba su wuce shekara 15 zuwa 16 ba, na Najeriya wajen 18, yayin da rabin mutanen Italiya sun haura 45. Saboda haka masu cewa yarintar al'ummarmu ta zame mana garkuwa suna da gaskiya, kuma mun gode wa Allah da asibitocinmu ba su ga abin da aka gani a birnin Bergamo na Italiya ba.

Amma akwai ma'auni na uku, wanda a ganina ya fi sauran kusa da gaskiya. Ba ya tambayar me ya kashe mutum. Yana tambaya ne: mutum nawa suka saba rasuwa a shekara, nawa suka rasu bana? Rarar da ke tsakani ita ce ɓarnar annoba, har da mai naƙuda ko mai ciwon ƙoda da ya rasa likita a lokacin kulle. Da wannan ma'auni Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a watan Mayun 2022 cewa kimanin mutum miliyan 14.9 suka rasu a 2020 da 2021, alhali abin da ƙasashe suka bayar miliyan 5.4 ne. Indiya ta ce nata bai kai rabin miliyan ba, hukumar ta ce miliyan 4.7. Gwamnatin Indiya ta yi fatali da lissafin.

A Afirka ta Kudu, inda ake rajistar mutuwa sosai, hukuma ta ƙirga kimanin 100,000, rarar kuma ta kai wajen 300,000. A Lusaka ta Zambiya, masu bincike sun gwada gawarwaki 364 a mutuwaren babban asibitin koyarwa a 2020, suka sami cutar a jikin kusan ɗaya cikin shida, kuma kaɗan ne aka gwada suna raye. Najeriya fa? Adadin hukuma 3,155 ne, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, a ƙasar da kusan mutuwa ɗaya cikin goma ce ake yi wa rajista. Ku tambayi kanku: a cikin 'yan uwanku da suka riga mu gidan gaskiya, nawa ne aka karɓo musu takardar shaidar rasuwa?

Wannan rashin ƙirga ya cuce mu ta fuska biyu. A gida ya ba masu cewa "babu korona" hujja. A waje kuma ya sauƙaƙa wa masu hali su ce Afirka ba ta matsu ba.

Ranar 8 ga Disambar 2020 aka yi wa wata tsohuwa 'yar shekara 90, Margaret Keenan, allurar Pfizer a birnin Coventry na Ingila. Tun kafin ranar, ƙasashe masu arziki sun riga sun saye allurar tana hannun masu bincike. Kanada ta ƙulla cinikin da zai ishi al'ummarta kusan sau biyar. A watan Janairun 2021 Tedros ya ce an yi allura miliyan 39 a ƙasashe masu wadata 49, a wata matalauciyar ƙasa kuwa guda 25 kacal. Ba miliyan 25 ba, ba dubu 25 ba, in ji shi.

An kafa shirin COVAX ne don a kauce wa haka: a haɗa kuɗi wuri ɗaya, a saya, a raba wa kowa. Gana ce ta fara karɓa ranar 24 ga Fabrairun 2021, allura 600,000. Najeriya ta biyo baya ranar 2 ga Maris da kusan miliyan 4. Matsalar ita ce shirin ya jingina da masana'anta guda, Serum Institute ta Indiya. Da nau'in korona da ake kira Delta ya turnuƙe Indiya, gwamnati ta dakatar da fitar da allura waje, jiragen suka daina zuwa. An yi alkawarin biliyan 2 kafin ƙarshen 2021, ko biliyan 1 ba a cika ba sai a Janairun 2022. A lokacin wasu ƙasashe sun yi nisa da zagaye na uku, ma'aikatan jinya da yawa a Afirka ko na farko ba su samu ba.

Da gudummawa ta fara kwararowa, sai ta zo a ƙurarren lokaci. Ranar 22 ga Disambar 2021, a wata bola da ke Abuja, motar rusau ta bi ta kan allurar AstraZeneca sama da miliyan 1 da wa'adinta ya ƙare. Hoton ya zaga duniya, aka ce 'yan Afirka ne ba sa so. Shugaban hukumar lafiya a matakin farko ta Najeriya na lokacin, Faisal Shuaib, ya bayyana cewa sun karɓi allurar ne saura 'yan makonni ta lalace, don babu wata a ƙasa. Allura tana buƙatar firji da wuta da mota da ma'aikacin da zai kai ta ƙauye, kuma wannan ba aikin mako huɗu ba ne.

Ɗari-ɗarin ma akwai shi, ba za mu ɓoye ba, kuma yana da tushe. Kanawa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, 11 suka rasu, shari'a ta ja har 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya haifar da ƙauracewa allurar shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya dawo da yarda a wancan karo shi ne shigowar sarakuna da malamai, har aka ayyana Najeriya ta rabu da shan inna na daji a Agustan 2020. Wannan hanya tana cin lokaci, kuma ba ta yiwuwa idan allurar kanta ba ta iso ba.

Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ɗage haƙƙin mallakar fasahar haɗa allurar tun Oktoban 2020, don kowace masana'anta mai iyawa ta haɗa. Sai Yunin 2022 aka cimma matsaya, ita ma an rage mata ƙarfi. Da masanan Afirka ta Kudu suka sanar da duniya nau'in Omicron a Nuwamban 2021, tukwicin da suka samu shi ne rufe musu filayen jirgi, har Birtaniya ta haɗa da Najeriya.

Lokacin da annobar ta zo, kusan kashi 99 cikin ɗari na allurar rigakafin da Afirka ke amfani da ita daga waje ake sayowa. Tarayyar Afirka ta sa wa kanta burin haɗa kashi 60 a gida kafin 2040. A watan Mayun 2025 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da yarjejeniyar annoba, wadda ta tanadi kamfanonin da suka shiga tsarin su ware kashi 20 na abin da suke haɗawa, aƙalla kashi 10 kyauta. Amurka ba ta cikin masu amincewa, kuma yarjejeniyar ba za ta fara aiki ba sai ƙasashe 60 sun tabbatar da ita a dokokinsu.