Funfuna da Kuturtar Hatsi: Laccar Malamin Gona a Damagaram

An ciro wannan rubutu daga faifan laccar da wani malamin gona ya gabatar a Zinder gaban manoma da masu garka da ɗalibai, ana saura 'yan makonni damina ta sauka. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla.

Bari in fara da abin da ya same ni, kada ku ce malam ya zo yi mana wa'azin abin da bai taɓa ɗanɗana ba. Wata kaka, shekarun baya, na tuge gyaɗata na tara ta tsibi guda a gindin gawo, da niyyar gobe in baza. Da daddare aka yi ruwan bankwana. Gari na wayewa aka aiko mini da rasuwa a dangi, na tafi Mirya na kwana uku. Da na dawo na cusa hannu cikin tsibin nan, sai na ji ɗumi kamar an hura wuta a ƙarƙashi. Na ɓare ƙwanso guda, ga wani gari kore mai ruwan ɗorawa ya lulluɓe ƙwayar, warinsa irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta waje kuwa tsibin ya bushe ƙayau, wanda ya wuce sai ya ce barka da arziki. Ni da na yi karatun abin, kwana uku suka ci ni.

Wannan gari shi ne funfuna. Rayayyen abu ne, yana ci yana hayayyafa, amma ba ƙwaro ba ne. Ku riƙe wannan, don nan ne kuɗinku ke zurarewa. Mutum ya ga ganyen shukarsa ya yi tabo, ya shiga Kasuwar Dole ya sayi maganin ƙwari, ya fesa sau biyu sau uku, ciwo na nan daram, sai ya ce maganin jabu ne. Maganin lafiyarsa lau, cutar ce ba tasa ba. Mai ciwon ido ne ya sha maganin tsutsar ciki.

Irin funfuna ƙura ce da ido ba ya gani. Tana cikin iskar da muke shaƙa a wurin nan, tana cikin ƙasa, tana jikin karan bara. Ba mai iya share ta daga duniya. Amma ba ta tsira sai ta sami damshi ya daɗe a jikin shuka: raɓar da ta kwana, malkar Agusta, ganyen da ya cunkushe iska ba ta ratsa shi. Mu a Damagaram kukanmu kullum ƙarancin ruwa ne, shi ya sa ba ma zargin damshi da laifi. Alhali ruwan namu, ko da kaɗan ne, a 'yan makonni yake taruwa ya zubo, kuma 'yan makonnin nan sun ishe ta.

Mu shiga gonar hatsi. Kowa a nan ya san kuturta, zangarniyar da maimakon ta yi ƙwaya sai ta fito da ganyayyaki a murɗe kamar gashin da ba a taje ba. Ranar da ka ga wannan, an riga an gama da kai, ciwon ya shiga tun shukar tana jaririya. In kana son kama shi da wuri, sai ka yi sammako. Ka je gona kafin rana ta ɗaga, raɓa na jiƙa maka ƙafar wando. Ka nemi shukar da ganyenta ya koɗe ya yi rawaya daga gindi, ka juya bayan ganyen. Za ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari. In ka dawo da hantsi ba lalle ka same shi ba, rana ta busar da shi. Wannan farin abu a daren ya fito, sa'o'i kaɗan yake rayuwa, amma a cikinsu iska ta kai shi kan maƙwabtan shuka.

Akwai kuma iri na biyu da cutar ke ƙullawa a cikin mataccen ganye da kuturwar zangarniya, mai kaurin ɓawo. Shi wannan ba ya gaggawa. Yana faɗawa ƙasa ya kwanta shekaru, rani bai dame shi ba, yana jiran ka sake shuka hatsi a wurin. Saboda haka wanda ya bar kuturwar shuka a tsaye har kaka, yana cewa ai karanta zai yi amfani, ajiya ya yi wa kansa ta baɗi da baɗin baɗaɗa. Lokacin cira da noman farko, duk wadda ka gani ka tumɓuke ta da saiwa, ka fitar da ita daga gona ka ƙone. Kar ka yar a kunya, kar ka zuba a ramin taki.

Masana sun ce abin da ke kawo kuturta ba funfuna ce ta ainihi ba, 'yar ɗakinta ce, danginsu ɗaya da cutar da ta cinye dankalin ƙasar Ayalan tun daga 1845, yunwar da ta kashe mutane wajen miliyan guda. Ba don burga na kawo wannan ba. Dalilin shi ne ba kowane maganin funfuna ke kama ta ba. Wanda ke aiki shi ne garin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, irin su Apron Star da ke zuwa a ƙaramar leda. Ka bi awon da aka rubuta a jiki, ka cuɗa a cikin ƙwarya ko roba da ba a cin abinci da ita, ka sa leda a hannu. Irin da ya yi saura kuma, don Allah, kar a daka, kar a watsa wa kaji. Sannan ku nemi iri mai jure cutar wurin ma'aikatan gona da na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, kamar irin hatsin nan SOSAT. Burtuntunar dawa ma, wadda ke maida ƙwaya baƙin gari, yawancinta iri take bi, wankin irin nan yana maganinta.

Masu garka, na ga kun fara gyangyaɗi, ga naku. [dariya] Ku na Korama da Gidimuni da Mirya, aikinku da hunturu ne, kuma kun san farin garin da ke hawa saman ganyen kuɓewa da kabewa da kankana kamar an yayyafa toka. Wannan ita ce ta saɓa wa 'yan'uwanta, ba ta bukatar ruwa ya kwanta a ganye, sanyin dare da inuwa da cunkoso sun wadace ta. Maganinta tsoho ne, farar wuta. Sai dai a yi hattara, in aka sa ta da tsakar rana cikin zafi, ita da kanta za ta ƙone ganyen. Da yamma liƙis ko da sassafe ake sa ta. Maganin tagulla kuma, wanda aka fara haɗawa da farar ƙasa a gonakin inabin Faransa wajen 1885, yana tsare ganyen tumatir da albasa daga tabo. Duka biyun rigakafi ne. Ganyen da ya riga ya mutu ba ya dawowa, tsinke shi za ka yi.

Abin da na fi gani a garka shi ne ban ruwan magariba. Mutum ya gama harkokinsa, ya zo da yamma ya yi wa tumatir wanka tun daga kai, ganye ya kwana a jiƙe har safe. Ka shimfiɗa wa cuta tabarma ke nan. Ka ba da ruwa da safe, a gindi. A wurin renon iri ma haka, in kuka watsa iri ya yi kauri kamar gashin kai kuka cika ruwa, sai ku tarar 'yan shuke-shuken sun kwanta, wuyansu ya tsuke ya yi baƙi daidai ƙasa. Ba sammu ba ne, rage ruwa za ku yi ku ba su fili.

Yanzu in koma kan gyaɗar nan tawa, don ita ta fi hana ni barci. Kuturta asara take jawowa, kana gani da idonka. Wannan koren gari kuwa guba yake zubawa a cikin ƙwaya, ana ce mata afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A 2004 a ƙasar Kenya mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta kamu. Wannan na masu ci da yawa a lokaci guda ne. Namu ya fi yin shiru: kaɗan yau, kaɗan gobe, a kunu, a miya, a ƙuli-ƙuli, tana taruwa tana cin hanta, har ta kai ga kansa. In mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ninkuwa yake yi sosai, kuma kun san ciwon nan bai yi ƙaranci a cikinmu ba. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta.

Abin mamaki, fari ma yana taimakonta. In ruwa ya ɗauke gyaɗa tana cikin ƙosawa, ƙasa ta yi zafi, ƙwanso ya tsage, gara ta huda, nan take shiga tun a gona. Don haka a tuge da zarar ta nuna, a kife ta 'ya'yan suna kallon rana, kar a tara tsibi. In an tsinke a shanya a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa tsirara ba, har sai ka girgiza ƙwanso ka ji ƙwaya na kaɗawa, ka ciza ta karye ƙas. Buhu kuma a ɗora shi kan katako, kar ya jingina da bango. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ajiye wake, PICS, yana da kyau, amma in ka ɗaure ɗanyen abu a ciki ka haɗa shi da abokin gabansa ɗaki guda.

[Wani saurayi ya yi tambaya, muryarsa ba ta fita sosai.]

Ƙanena yana cewa ya ga bidiyo a waya, Turawa na kukan furen tabar wiwi yana ruɓe musu a fili, ko cuta ɗaya ce da tamu? [dariya] Kai, me ya kai ka can? To, zan amsa. A Kanada an halatta ta tun 2018, shi ya sa suke zancenta a fili. A Nijar doka ta hana nomanta da sayar da ita, ni kuma ban zo koyar da ita ba. Abin da ka gani funfuna ce mai ruwan toka, Botrytis, wadda ke kama inabi da tumatir ma. Can furen yana cika ne daidai lokacin da sanyi da yayyafi ke shigowa, ya yi dunƙule, damshi ya maƙale a tsakiya, sai ya ruɓe daga ciki waje yana kore shar. Tsibin gyaɗata ke nan, ba bambanci. Kuma tunda ka tayar da zancen, masu zuƙar busasshen ganyen da ya yi funfuna ƙurarta suke kai wa huhunsu, wanda jikinsa ya yi rauni ko ya taɓa yin tarin fuka tana iya kama shi da gaske.

Inna, bismillah, ke ce ta ƙarshe.

[Wata dattijuwa ta ce in sun tsince gyaɗa, masu kyau suke kai wa kasuwa, baƙaƙen da motsattsun su yi mai da ƙuli-ƙuli da su, ko su ba awaki.]

Inna, Allah ya saka da alheri da kika faɗi gaskiya, don ba gidanki kaɗai ake yi ba, a gidanmu ma na tarar ana yi. Tsintar da kuke yi daidai ce, yawancin gubar tana cikin 'yan ƙwayoyin nan da kuka ware. To amma kin ga abin da ya faru, kin tsince gubar kin tara ta wuri guda, kin sayar wa baƙo mai kyau, kin ba jikokinki sauran. In an matse mai, a tunkuza mafi yawanta ke zama, ita ce kuma ƙuli-ƙulin da yara ke tafiya lakwal da shi a aljihu. In kin ba akuya mai shayarwa, wani kaso yana fitowa a nono. Wadda ta yi baƙi, wadda ta motse, wadda kika tauna kika ji ɗaci, ki tona rami ki binne, mai zurfin da kaji ba za su tono ba.

[Ta ce asara ce.]

Asara ce, Inna, ban musa ba. Ni buhu nawa na binne a shekarar nan da na ba ku labari, matata ta yi mako ba ta yi mini magana ba. Wanda ke da ganye ko zangarniyar da yake son in duba, ya same ni a bakin ƙofa bayan la'asar.