Sharhi: Ina Kuɗin Muhalli Suke Kafin Ruwa Ya Zo?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau a kan kuɗin da gwamnati ke warewa ne domin kare garuruwa da ƙauyuka daga ambaliya da zaizayar ƙasa, wato Asusun Kula da Muhalli.

Asusun nan ya daɗe. Tun 1981 aka kafa shi, zamanin Shugaba Shehu Shagari, kuma har gobe duk watan da aka zauna rabon arziƙin ƙasa a Abuja sai an cire masa kasonsa. Tarayya na da nata, jihohi 36 na da nasu, ƙananan hukumomi 774 ma akwai abin da ake rubutawa da sunansu. Daga kason Tarayya ne hukumar bayar da agajin gaggawa ta NEMA ke samun kashi 20 cikin 100. Ke nan babu gwamnan da zai rantse bai ga komai ba. Gargaɗi ma ana yin sa: hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA ta biyo baya da jerin ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci, suna bayan suna.

To me ya sa sai ruwa ya gama ɓarna ake ganin gwamnati? Mun san yadda abin ke kasancewa. A kwashe mutane a zube a makarantar firamare, kwana biyu sai ga jerin gwanon motoci, a sauke buhunan shinkafa da tabarmi da barguna da gidan sauro, a ɗauki hoto, a yi jaje, a tafi. Agaji alheri ne, babu mai raina shi. Amma ihu ne bayan hari, tunda buhun shinkafa ba ya tayar da katangar da ta faɗi, ba ya dawo da gonar da ta kwana a ƙarƙashin ruwa.

Mu dubi Maiduguri. Madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda an gina ta ne a shekarun 1980. A 1994 ruwa ya ci garin. Shekara 30 bayan haka, ranar 10 ga Satumban 2024, madatsar ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'a da fadar Shehun Borno. Dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi suka mutu, wasu suka fantsama cikin gari, fursunoni sama da 270 suka tsere, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. A daminar 2024 ɗin ce Gwamnatin Tarayya ta sanar da naira biliyan 3 ga kowace jiha saboda ambaliya, a Fabrairun 2025 kuma aka amince da biliyan 80 don sake gina madatsar. Madalla da hakan. Sai dai a cikin shekara 30 ɗin da ke tsakanin ambaliya ta farko da ta biyu, kuɗin muhalli bai daina sauka ba.

Inda wani ɓangare na kuɗin ke zuwa kuwa, kotu ta taɓa nuna mana. A Yunin 2018 wata babbar kotu a Abuja ta samu tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, da laifin karkatar da sama da naira biliyan 1 na kuɗin muhallin jiharsa, ta ɗaure shi shekara 14. Daga baya aka rage zuwa 10, a 2022 kuma aka yi masa afuwa. Wannan wanda ya kai gaban alƙali ke nan. Mafi yawan lokaci ba sai an sata ba ma: kuɗin kan faɗa cikin babban asusun jiha, ya gauraye da na albashi da na tituna, babu mai iya cewa ga nairar muhalli ga inda ta tafi.

A ganinmu, gyaran yana can ƙasa, a ƙaramar hukuma da gunduma, domin yawancin ayyukan da ke ceton rai ƙanana ne. Ku je yankin Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa idan damina ta yi nisa, za ku tarar da matasa tsamo-tsamo cikin ruwa har ƙugu, suna cika buhuna da ƙasa suna jerawa a bakin kogi, sau da yawa da kuɗin karo-karo. Sun san inda jinga ke ɓallewa duk shekara. Sun san inda ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa har kogi ya juya ya nufi gonaki. A cikin birni kuma, kwalbati ɗaya da ledar fiya-wata da robobi suka cushe ya isa ya sa unguwa guda ta kwana a tsaye. Waɗannan ba sa buƙatar biliyoyi. Suna buƙatar kuɗi daidai gwargwado, a kan lokaci, a hannun waɗanda za a iya tuhuma.

Lokacin kuwa rani ne. Kuɗin da aka saki a Agusta na agaji ne, ko da wane suna aka raɗa masa. A sake shi tsakanin Janairu da Maris, sa'ad da kogi ya janye kuma mota za ta iya kai dutse da siminti bakin gaɓa. A ɗaura kowane tallafi a kan aiki takamaimai: jinga a gari kaza, yashe magudana a unguwa kaza, tudun da za a kai mutane idan ruwa ya taso. A liƙa jerin ayyukan da kuɗinsu da sunan ɗan kwangila a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar fadar hakimi, a karanta a rediyo. Wanda bai gama na bana ba, kada ya ga na baɗi. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya buɗe wannan ƙofa, idan har an bi shi.

Ba mu ce ciyaman zai iya komai ba. Ruwan da Kamaru ke saki daga madatsar Lagdo, wanda ya taimaka wajen ambaliyar 2012 da ta 2022 da ta kashe sama da mutum 600, ya fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma, kuma madatsar Dasin Hausa a Adamawa da aka ce za ta tare shi har yau tana kan takarda. Wannan nauyin Tarayya ne. Mu ma jama'a da namu laifin, masu gini a kan hanyar ruwa da masu juye shara a kwata.

Saboda haka, mai sauraro, idan ka haɗu da kansilanka ko ɗan majalisar jiharku, tambaye shi nawa ƙaramar hukumarku ta samu na kuɗin muhalli a bana, kuma wane aiki aka yi da shi. Ya faɗa maka wurin, ka je ka gani da idonka.