Kafin ƙanena ya danna Y

Assalamu alaikum jama'a. Ga ni a ɗakina a Hambug, ƙasar Jamus, ƙarfe tara na dare. Da yake lokacin sanyi ne agogonmu ɗaya da na gida, don haka a ƙauyenmu kusa da Maigatari ƙanena ya idar da sallar isha'i, ya sakaya ƙofar shago, yana gaban kwamfuta yana jirana. Yau za mu sabunta mata manhajoji, ina so ku ga yadda muke yi.

Shagon na buga takardu ne da fotokwafi da cike fom. Kwamfutar tsohuwa ce ta kan tebur, ba ta da batir. Da na je hutu na sa mata Debian 12, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wadda ta fito a watan Yunin 2023, saboda kyauta ce kuma ba ta yi wa tsohon inji nauyi.

Abin da ya sa muka tsaya muka tsara wa kanmu ƙa'ida, wata Laraba ce da daddare ƙanena ya ga sanarwar sabuntawa, ya ce bari ya gama da ita. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta. Washegari Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ranar da shagon ya fi ciniki. Da sassafe ya kira ni, murya a sanyaye: "Yaya, firinta ta ƙi, ga mutane a tsaye." Abin ya taɓa ni ƙwarai, don da wannan shagon ake cefane a gidanmu. Ita manhajar da ke girka ƙunshin manhaja, dpkg, kwance shi take fara yi, sannan ta saita shi. Wutar ta tafi tsakanin biyun, wasu an kwance ba a saita ba. Muka buga umarnin gyara, sudo dpkg --configure -a, muka bi da sudo apt --fix-broken install, komai ya dawo. Amma kafin nan azahar ta yi, masu sauri sun tafi wani shagon.

To ku duba nan. Na farko sudo apt update. Wannan ba ya canza manhaja ko ɗaya, kamar ka aiki yaro kasuwa ya jiyo maka farashi ne. Sai apt list --upgradable, a nan nake so ya zauna ya karanta, ya ɗauko min hoto ta WhatsApp. Sunaye biyu nake fara nema: duk mai linux-image, wato zuciyar tsarin, da duk mai cups, wanda firinta ta dogara da shi. In suna ciki, ba ma taɓawa sai akwai ranar hutu a gaba. Akwai kuma apt -s upgrade, gwaji ne kawai, ya nuna abin da zai faru ba tare da ya aikata ba. Shi kuwa full-upgrade, wanda ke iya cire wasu manhajoji don ya sa wasu, na ce kada ya buga sai muna tare a waya.

Saukewa daban, girkawa daban. Da sudo apt -d upgrade yake sauke kayan da daddare in intanet ta yi ƙarfi, ko ta yanke ba abin da zai lalace. Girkawa kuma sai an tayar da janareta, an tabbatar akwai mai. Kafin nan ya ɗauki hoton tsarin da Timeshift, manhajar da ke ajiye kwafinsa don a koma masa in abu ya lalace, takardun mutane kuma ya kwafe su a filas, domin Timeshift ba ta haɗawa da su sai in kai ka ce ta haɗa.

Wani zai ce to a daina sabuntawar mana a huta. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Mutanen garinmu suna miƙa wa yaron nan lambar katin ɗan ƙasa da ta asusun banki, amana ce, gyaran tsaro dole a sa shi da wuri. Abin da nake ƙi shi ne rige-rigen sabon yayi. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano an ɓoye ƙofar baya, wato hanyar kutse ta sirri, a manhajar matse fayil mai suna xz, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Ta shiga rassan gwaji na Debian, amma ba ta kai ga tsayayyen reshe ba, wanda shi muke kai. Shi ya sa ko da Debian 13 ta fito a Agustan 2025 ban ce ya tsallaka ba. Ta 12 tana da gyaran tsaro na dogon zango har 2028, ƙaura kuma sai na zo gida da sallah mun yi ta tare.

Yauwa, ga hoton ya shigo. Guda tara ne, akwai Firefox, babu linux-image, babu cups, ba kuma abin da za a cire. Saura ya danna Y, wato ya amince a girka. Ina jin ƙarar janareta a wayar.

"Yaya, in danna?"

"Ka kwafe takardun?"

"Na kwafe."

"To bismillah, danna."