Jawabin Maraba da Kwamitin Jagorancin Ɗalibai Ya Gabatar ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Kwamishina, 'yan tawagarsa masu daraja, shugabannin makarantu, malamai, iyaye, jagororinmu maza da mata, ɗalibai, assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Ba sai mun tsaya lissafa ayyukanka ba, wanda bai gani da idonsa ba ya ji daga bakin wanda ya gani. Kowa ya san ka da cika alkawari da tausayin ɗan talaka, kuma zuwanka da ƙafarka, ba ka turo wakili ba, ya ishe mu shaida. An ja mana kunne kada mu tsawaita, don haka za mu faɗi buƙatarmu tun da fari, kada ta nutse a cikin zance. Muna roƙon a ba mu jami'in ba da shawara guda ɗaya, horarre, na dindindin, wanda ba shi da wani aiki sai kula da wannan shiri namu na haɗa yaran da ke dab da barin makaranta da manya 'yan sa kai masu yi musu jagora. Abin da ya rage na jawabin nan bayanin dalili ne.

Wannan aiki bai fara da takardar umarni ba, bai kuma fara da tallafin kowa ba. Wasu malamai ne 'yan ƙalilan suka zauna da rajistar aji, suka ga cewa yaro ba ya barin makaranta dare ɗaya. Latti yake farawa da shi. Daga nan fashin kwana guda a mako, sai faɗuwa a darasi ɗaya ko biyu, sai tsiwa da faɗa, sai a dakatar da shi, sai a daina jin ɗuriyarsa. Ranar da za a soke sunansa, ya daɗe da tafiya. Daga baya muka sami labarin cewa Robert Balfanz na Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa sun bi ɗaliban aji shida a birnin Philadelphia na Amurka, suka wallafa a 2007 cewa yawan fashi, da rashin ɗa'a a aji, da faɗuwa a lissafi ko harshe, su ne alamun wanda ba zai kammala sakandare ba. Mun ji daɗin labarin. Amma, ranka ya daɗe, mu rajistarmu ce ta riga ta gaya mana.

Malaman nan suka bi gida gida suna neman manya masu hankali da za su riƙe yaro ɗaya ɗaya. Tsofaffin malamai da suka yi ritaya suka amsa, da ma'aikatan jinya, da masu sana'ar hannu, da direbobi, da tsofaffin ɗalibanmu da ke manyan makarantu. Mata suka riƙe 'yan mata, maza suka riƙe samari. Babu wanda aka taɓa biya ko sisi. Jagora yana ganin yaronsa sau ɗaya a mako, a harabar makaranta ko a wani wuri da idon jama'a ke kai, kuma tambayar da ya fi yi ita ce, "Me ya hana ka zuwa jiya?" Sai an yi watanni kafin a sami amsar gaskiya. Wata ƙannenta take raino saboda mahaifiyarsu na kwance. Wani shi ke fita neman abin da gidansu za su ci. Wani tsoron wasu yara yake ji a hanya. Akwai kuma wanda ya kai babban aji bai iya karanta jimla ɗaya ba, ya gwammace a kira shi fitinanne da a tashe shi ya yi karatu a gaban tsaransa. Irin wannan amsa ba a ba da ita a gaban allo, kuma bulala ba ta fito da ita.

Waɗanda suka riga suka bar aji ma ba mu ƙyale su ba. Mun bi su inda suke yini, wasu sun dawo, wasu sun shiga koyon sana'a. A cikin mutanen da ke zaune a gabanka yau akwai waɗanda aka taɓa yanke musu ƙauna, yanzu su ne ke riƙe da wasu yaran. Ba za mu nuna su da yatsa ba, sun san kansu. Maƙwabta sun zo sun ga tsarinmu, sun kwafa, kuma mun ba su da hannu biyu, domin ɗa na kowa ne. Sai dai idan aka zo rubuta rahoto, ko rabon yabo, wasu ake ambata, mu da muka fara ko a ƙasan shafi ba ma ganin sunanmu.

Wannan ƙaramin ciwo ne. Babban shi ne na jami'i. Mun taɓa samun malamin ba da shawara, aka yi masa canjin wurin aiki, har yau ba a turo madadinsa ba. Ɗakin da yake ganawa da yara ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Mun rubuta takarda, mun sake rubutawa, an ce mana tana kan tebur. Baƙi sun zo sun ɗauki hoto da yaranmu, sun yi alkawari, ba mu sake jin muryarsu ba. Ba ƙarar kowa muka kawo ba, ranka ya daɗe, kuma mun san kai ba ka cikin masu irin wannan hali.

Mai yiwuwa wani ya ce, tunda 'yan sa kai sun riƙe aikin tsawon wannan lokaci, me za a yi da jami'i? Ga amsarmu. A 1904 wani akawun kotun yara a New York, Ernest Coulter, ya gaji da ganin samari ana gurfanar da su, ya nemi magidanta kowa ya riƙe yaro guda. Daga nan ƙungiyar Big Brothers Big Sisters ta samo asali. A 1995 aka fitar da sakamakon wani bincike a kan yara 959 na shirinta, masu shekara 10 zuwa 16. Bayan wata 18, waɗanda aka haɗa da jagora sun yi ƙasa da takwarorinsu da kashi 46 cikin ɗari wajen fara shan ƙwaya, da kashi 27 cikin ɗari wajen fara shan giya, kuma fashin makarantarsu bai wuce kusan rabin na sauran ba. Wannan sakamako ake yawan karantawa a taro. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kowane jagora a shirin nan yana da ma'aikaci a bayansa, wanda ya tantance shi kafin a ba shi yaro, yake kuma tuntuɓarsa da yaron da iyayen a kai a kai.

A 2002 Jean Grossman da Jean Rhodes suka sake duba bayanan yaran nan. Suka ga waɗanda suka shekara ko fiye tare da jagora ɗaya su suka fi amfana. Waɗanda kuwa alaƙarsu ta yanke kafin wata uku, sun koma baya wajen ganin ƙimar kansu da yarda cewa za su iya karatu. Wato jagoran da ya zo ya tafi da wuri yana iya barin yaro cikin halin da ya fi na da muni. Shi ya sa shirin jagorancin ɗalibai na Check & Connect, da aka fara a Jami'ar Minnesota a 1990, yake ɗora wa jagora alkawarin shekara biyu aƙalla.

Mu ma mun gani. Ɗan sa kai mutum ne: yana samun aiki a wani gari, yana aure, yana rashin lafiya, yana gajiya. Yawancin yaranmu kuwa wani babba ya riga ya taɓa juya musu baya. Idan jagora ya ɓace ba sallama, yaron ba ya kuka, cewa kawai yake yi, "Dama na sani." Wanda ya taɓa jin wannan magana daga bakin ɗan shekara goma sha uku ba ya sake ɗaukar aikin nan da wasa.

Jami'in da muke roƙo shi ne zai bincika halin duk wanda ya ce yana so ya riƙe yaro, domin ba kowane mai fara'a ake danƙa wa ɗan mutane ba. Shi zai horar da su, ya gane alaƙar da ta fara sanyi tun ba ta mutu ba, ya shirya sallama ta mutunci idan tafiya ta zama dole, ya nemo madadi. Idan yaro ya faɗi abin da ya fi ƙarfin ɗan sa kai, kamar cin zarafi a gida, ko shaye-shayen da ya yi nisa, ko maganar kashe kai, shi ya san ƙofar da za a buga. A yanzu malamai ne masu cikakken jadawalin darasi suke yin wannan duka, a lokacin hutun tara da bayan an tashi. Ba mu ce jagoranci maganin kowace cuta ba ne. Ba ya biyan kuɗin makaranta, ba ya warkar da mahaifiyar da ke kwance. Abin da yake iyawa ma, sai da mai sa ido yake iya shi.

Saboda haka ne, ranka ya daɗe, muka dakatar da ɗaukar sababbin yara. Akwai jerin sunaye a hannun sakatarenmu, malamai sun kawo, iyaye sun kawo, wasu yaran da kansu suka zo. Akwai manya da suka ce a shirye suke. Mun ƙi haɗa su, don ba za mu ƙulla abin da ba mu da mai kula da shi ba. Kowane zango wasu daga cikin sunayen nan suna fita daga rajistar makaranta muna ji muna gani.

Sauran buƙatunmu masu sauƙi ne. A kwashe kujerun nan a mayar mana da ɗakinmu. A umarci shugabannin makarantu su riƙa ba mu bayanin fashi duk mako, kuma kada a kori yaron da ke cikin shirin sai an sanar da jagoransa. Idan da hali, a ba 'yan sa kai takardar shaidar yabo, su ma su sami abin nuna wa iyalansu. Waɗannan duk za su iya jira, kuma idan ɗaya kaɗai zai yiwu, to a ba mu jami'in. Kwafin takardunmu na baya yana haɗe da wannan jawabi, muna roƙon alfarma ka sa hannu a kan buƙatar kafin a koma sabon zango.

Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum.

Shugaba da Sakatare,
a madadin Kwamitin Jagorancin Ɗalibai.