Layya Ba Ta Ƙarewa a Bakin Wuƙa

(Lacca ce da aka gabatar a Zariya ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, a gaban malamai, masu unguwanni, iyaye mata da ɗalibai. An kwafo ta daga rikodin, an rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena malamai, Allah ya gafarta muku. Masu unguwanni, ranku ya daɗe. Iyaye mata da ke can baya, ina fata lasifikar tana kai muku.

An ce in yi magana kan bukukuwan addini da muhalli. Kalmar muhalli tana sa mutane hamma, don haka da tumbin rago zan fara.

Wata Sallah da ta wuce na tsaya a kan mahaucin da ke feɗe mini rago a ƙofar gida. Rago ne da na yi ciniki har muryata ta dishe, ga ciki tirtsitsi, ina ta murna na sami mai kitse. Da ya farke tumbin sai ya tsaya, ya ɗago kai ya ce, "Malam, zo ka ga abin da ka saya." Ya zaro wani curi baƙi, ya nannaɗe kamar gammo. Leda ce. Baƙar leda, da ledar fiya wata, har da guntun igiyar buhu. Ya ce shi wannan ya daina ba shi mamaki. Likitocin dabbobi na Samaru za su gaya muku dalili: tumbi ba ya narkar da leda, tana taruwa ta cushe shi, dabba ta daina ci, ta rame ciki kuma ya kumbura. To wa ya ba ragon nan leda? Mu ne. Wadda muka yar a bola, ita ya bi ya tsince, muka sa kuɗinmu muka sayo ta.

Ku tambayi dattawan da ke zaune a sahun gaba yadda Sallah take a cikin birni da can. Kowane abu na jikin dabbar layya yana da mai shi. Fata ta tafi hannun majema, su jeme ta da bagaruwa, dukawa su mayar da ita takalmi, ko gafaka, ko kayan doki da za a hau da su Sallar baɗi. Abin da ke cikin tumbi a kai juji, ya ruɓe, jakuna su kwashe shi zuwa gona. Jini a haƙa rami a binne. Tuwon Sallah a akushi yake fita, miya a kwano, nama a faifai ko ƙwarya, kuma duk su dawo gida, sau da yawa ma da wani abu a ciki. Kashin dawakin hawa kuwa, manomi ba ya barin sa ya kwana a titi. Ba don sun karanta kimiyyar muhalli ba. Kayan ne duk masu komawa ƙasa, kuma mutane sun san darajarsu. Abin da ya canza shi ne mun shigo da kayan da ƙasa ba ta ci, sannan sharar ta zama marainiya, babu mai cewa tawa ce.

Ku je filin Idi bayan an watse. Sahu-sahu na ledar ruwa, kamar su ma sun zo salla. Ku bi hanyar da dawakai suka bi ranar Hawan Bariki ko Hawan Daushe, daga ƙofar fada zuwa waje. Baƙi sun zo daga nesa sun ɗauki hoton rawuna da alkyabbu, mu kuma an bar mu da robobin lemo da na abinci. Abokan wasanmu Kanawa, a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallarsu cikin jerin al'adun duniya da ake ji da su, har yanzu ba su bar mu mun sha ruwa ba. (Dariya.) To in muna son a zo a kalli namu, sai mu yarda a kalli titin washegari.

Kada wani ya ce da Musulmi kaɗai nake. Ranar Kirsimeti ku leƙa Sabon Gari da Wusasa, robar abincin iri ɗaya ce, lambatun ma ɗaya ne. Haka zagayen Maulidi, haka buɗa-baki a watan azumi, inda kunu da ƙosai da ƙanƙara kowanne da ledarsa. Kuma ba mu kaɗai ba ne a duniya: a birnin Delhi na Indiya hayaƙin wasan wuta na bikin Diwali ya kai har kotun ƙolinsu ta sa baki.

Amma ga abin da ya fi damuna, kuma ban cika jin ana faɗa ba. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, shi ya sa Sallah take ja baya da kwana 10 ko 11 duk shekara. A 2015 ƙarshen Satumba muka yi layya. A 2021 cikin Yuli. A 2025 farkon Yuni. Wato shekara goma cur muna yanka da damina. Kai ka yanka a bakin kwata, maƙwabcinka ya yanka, layi duka ya yanka, kowa ya tura jini da dattin hanji cikin lambatu yana cewa ruwa zai tafi da shi. Ruwa bai tafi da shi ko'ina ba, domin leda ta riga ta toshe hanya. Sai ya kwanta. Kwana biyu wari ya tashi, ƙuda ya sauka a kai, ya tashi ya sauka kan naman da aka rataye a igiya. In an yi ruwa mai ƙarfi, lambatun ya tumbatsa, ya haɗu da na masai, ya gangara rijiyar da bakinta bai da tsawo. A 2021 cutar amai da gudawa ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, akasarinsu a Arewa. Ban ce layya ce ta kawo ta ba, a rubuta wannan da kyau. Na ce hanyar da cutar take bi, ita muke share mata. Dattin da ya tsira daga unguwa kuma ya faɗa rafin Kubanni, Kubanni ta kai shi kogin Galma, a bakinsu kuwa 'yan lambu suke ban ruwan latas da kabejin da muke yankawa ɗanye a kan shinkafa.

Sai babbaka. A nan ina roƙon mahauta da samari, don girman Allah. Kai da ƙafa da ganda, a daina babbake su da taya. Na san dalili: taya ba ta da tsada, wutarta tana da ƙarfi, ba ta mutuwa ko da yayyafi. Amma baƙin hayaƙin nan yana ɗauke da sinadarai masu jawo ciwon daji, suna shiga huhun yaron da ke juya kan, suna kuma manne wa fatar da za a dafa. Kankarewa ba ta fitar da su duka. Kara yana yi, itace yana yi, wutar gas ma tana yi ga mai hali.

Malamai suna nan, in na kauce su gyara mini. A Suratul Hajji, aya ta 37, Allah ya ce naman da jinin ba su ne ke isa gare shi ba, taƙawa ce ke isa. A Suratul A'araf, aya ta 31, an ce mu yi ado in za mu masallaci, mu ci mu sha, kada mu yi ɓarna. Ku duba, kwalliyar Sallah da cin Sallah da hanin ɓarna duk a aya ɗaya suka zo. Hadisi ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. To wanda ya ɗauko abin cutarwar ya aza a hanya fa, ranar Idi, da sabuwar riga?

Fata kuma, ɗaliban zaure sun haddace a Risala cewa ba a sayar da komai na layya, fata ko waninta. Wasu sun ji rabin karatun, sai su wurgar da ita bayan katanga tunda ba kuɗi za ta kawo ba. An hana ka sayarwa ne, ba a hana ka bayarwa ba. Ka shimfiɗa ta a inuwa, ka barbaɗa gishiri a ɓangaren naman tun kafin la'asar, ka miƙa wa masu tarawa na masallaci ko makaranta. In ta kwana a naɗe babu gishiri, gashin ya fara zuba, ta tashi daga aiki.

Ba na jiran doka. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya 2017, Legas ta hana farar robar abinci ta soso a farkon 2024. Mu kafin tamu ta zo, abin da nake nema a wajen masu unguwanni kaɗan ne: kowane layi a ware wuri ɗaya na yanka, nesa da rijiya, a haƙa rami tun jajibiri. Samarin da suka iya tara kuɗin anko da na hayar doki, su tara na buhuna goma da tsintsiya. Liman kuma ya ƙara jimla ɗaya a sanarwar Idi: kowa ya tafi da ledarsa kamar yadda yake tafiya da dardumarsa. Iyaye mata kuma, a raba nama a kwano maimakon leda.

(Wata dattijuwa daga ɓangaren mata ta nemi magana.) "Malam, ka ce mu raba nama a kwano. Ni bara kwanona huɗu suka fita, ɗaya ya dawo, shi ma babu murfi." (Dariya.)

Hajiya, kin kama ni. Uwargidana ma ta faɗa mini haka kafin in fito. Ki aiki yaro mai baki, ya tsaya a zaure ya ce an ce a juye. In gidan surukai ne da ba a iya faɗin haka, ki sa a takarda mai kauri irin ta masu tsire, ita ko akuya ta ci ba za ta kwana a tumbinta ba. Murfin kuma, ki faɗa wa Mai unguwa sunan gidan bayan an tashi.

Na ga ladan ya miƙe. Sauran tambayoyin sai bayan salla.