Lokacin da Loma ta Ƙi Wucewa: Matsalar Hanya ko Matsalar Tsoka?

Haɗiya aiki ne da tsokoki masu yawa suke yi bi da bi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Harshe yana tura loma baya, ƙofar numfashi tana rufewa don kada abinci ya shiga huhu, sannan bututun abinci, wanda tsawonsa a jikin babba ya kai kimanin santimita 25, yana matsa lomar a hankali har ta faɗa ciki. Idan haɗiya ta yi wuya, tambayar da likita zai fara yi ita ce: mene ne yake tsayawa, tuwo ne ko ruwa? Amsar tana nuna ko hanyar ce ta ƙuntata, ko kuwa tsokar ce ta gaza.

Idan hanya ta ƙuntata, abinci mai ƙarfi ne yake fara maƙalewa. Mutum zai ga nama da burodi sun daina wucewa, sai ya koma tuwo mai laushi, daga baya ya koma kunu. Maƙoƙo idan ya girma yana iya danne bututun daga waje. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, musamman ga mata, yana iya haifar da wata siririyar fata da take tare saman bututun. A ƙasashenmu akwai wani dalili mai ban takaici: yaro ya sha ruwan soda da ake haɗa sabulu da shi, wanda aka zuba a robar ruwan sha. Ƙunar takan warke bayan makonni, amma tabon da ta bari yana tsuke hanyar, har a riƙa kai yaron asibiti ana buɗa ta sau da yawa. Ga tsofaffi kuma akwai wani aljihu da yake fitowa a bayan maƙogwaro, wanda likitan Jamus Friedrich von Zenker ya yi bayaninsa a 1877. Abinci yana taruwa a ciki, baki ya yi wari, abin da aka ci tun da rana ya dawo da daddare bai narke ba. Akwai kuma jariran da ake haifa bututunsu bai haɗu da ciki ba. Alamar ita ce kumfar yawu a baki da shaƙewa tun a tsotson farko, kuma tiyata ce kawai maganinsa.

Idan tsoka ko jijiyar da take sarrafa ta ce ta samu matsala, ruwa ma ba ya wucewa lafiya. A cutar akalasiya, jijiyoyin da suke cikin bangon bututun suna lalacewa, sai ƙofar da take tsakaninsa da ciki ta ƙi saki. Abinci da ruwa suna taruwa a sama, bututun ya yi ta faɗi. Idan aka ba mai ciwon farin ruwan bariyom ya sha aka ɗauki hoto, ƙarshen bututun yana fitowa a tsuke kamar bakin tsuntsu. Tun a 1913 Ernst Heller ya fara tiyatar tsaga wannan tsoka, kuma har yau ana yin ta, ko da yake an gyara hanyar yinta. A Kudancin Amurka cutar Chagas tana jawo irin wannan lalacewa.

Cutar mayasteniya, mai raunana tsoka, ta fi kowacce ruɗa mutane, domin mai ita yakan tashi da safe garau. Garkuwar jikinsa ce take toshe wurin da saƙon jijiya yake isa ga tsoka, saboda haka tsokar tana gajiya da aiki. Zai fara cin abinci lafiya, amma kafin ya kai rabin kwano muƙamuƙinsa ya gaji, muryarsa ta koma ta hanci, fatar idonsa ta sauko, ruwa kuma ya riƙa fitowa ta hanci. Da yawa ana ce musu raki ne ko kuma jifa, alhali akwai magungunan da suke taimakawa sosai. Kumburin tsoka da cutar da take taurara fata su ma suna raunana haɗiya, haka kuma wata cutar tsoka ta gado da take bayyana bayan shekara 40, wadda ake yawan gani a Kebek ta ƙasar Kanada.

Cire beli a wurin wanzami ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai ƙwarewa da ruwa a kai a kai yana cikin haɗarin ciwon huhu, domin abin da ya sha yana bin hanyar numfashi. Wanda kuma abinci mai ƙarfi yake ƙara maƙale masa mako bayan mako, yana ramewa, yana buƙatar a zura masa na'ura mai kyamara ta baki da wuri, domin kansar bututun abinci ma da haka take farawa.