Darasi: Yadda Ake Zuba wa Ɗan Jirgin Ƙarƙashin Teku Ruwa Ya Fito Kamar na Gaske

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma daga nan Samaru, Zariya. A darasin da ya gabata mun harhaɗa jirgin, mun yi masa fenti, ga shi nan ya bushe. Yau ruwa za mu zuba masa, amma na rezin, wato ruwan roba mai garai-garai da ke daskarewa ya yi tauri. Ƙanena, matso da kyamarar nan kusa su gan shi da kyau. Yawwa.

Wannan samfurin jirgin yaƙin Jamus ne mai nutso, irin wanda ake kira Type VIIC, na Yaƙin Duniya na Biyu. Na gasken tsawonsa mita 67 ne da 'yan kai, yana ɗaukar mutum kusan 50. Akwai guda da ya rage har yau, U-995, an ajiye shi a bakin teku a garin Laboe kusa da birnin Kiel na Jamus, mutane na shiga suna kallo. Namu na roba ne, an ƙanƙanta shi sau 350, shi ya sa tsawonsa ya tsaya a santimita 19. Ku riƙe wannan 350 ɗin a ka, don duk abin da za mu yi yau a kansa zai hau.

Wani ya tambaya me ya sa zan ɗora shi a saman ruwa, alhali jirgin nutso ne. Dalili shi ne irin waɗannan jiragen sun fi daɗewa a sama. A sama injin dizal ke tura su, suna gudu sosai, suna kuma cajin batir. In sun nutse sai batir kaɗai, gudun ya ragu da fiye da rabi, kuma ba a daɗewa. To mu ma haka za mu nuna shi: bayansa da hasumiyarsa a waje, cikinsa a cikin ruwa, mai kallo ya leƙa ta gefe ya ga farfela da komai.

Akwatin da za mu zuba ruwan ciki ga shi. Ƙasansa katako ne, tsawo santimita 26, faɗi 10. Bangon kuwa irin robar nan ce mai kama da gilashi wadda masu allon talla ke aiki da ita, na samo ragowar yanka a Sabon Gari. Na manna salatif mai faɗi a fuskar ciki don kada ruwan ya kama bangon, na bi kusurwoyi da silikon na toshe. Kafin ka zuba komai mai tsada, cika akwatin da ruwan famfo, ka bar shi awa guda a kan jarida. In jaridar ta jiƙe, akwai kafa. In ba ta jiƙe ba, zubar, ka bari ya bushe ƙarau. Ɗigon ruwa ɗaya in ya rage, rezin zai yi hazo a wurin.

Zurfin da nake so santimita 4 ne. Lissafa: 26 sau 10 sau 4, ya ba ka 1,040, wato lita ɗaya da ɗan ɗori. Wanda ya ce zai yi zurfin santimita 8, kuɗinsa ya ninka, kuma bai ƙara kyau ba. Santimita 4 a ma'auninmu mita 14 ne na teku. Ya isa.

Kun ga ƙasan katakon na shafe shi da fenti mai duhu, shuɗi da ya kusa zama baƙi, irin na rigar da ta sha baba a marina. Nan asirin zurfi yake. Mu nan ruwan da ido ya saba da shi na Galma ne da Kubanni, ja-ja da damina saboda laka. Na teku daban ne. Ruwa yana fara shanye jan haske tun a 'yan mitoci na sama, shuɗi ne ke nisa zuwa ƙasa, daga nan sai duhu. Saboda haka ƙasa duhu, tsakiya shuɗi, sama kuma haske-haske mai ɗan kore. In ka rina ruwan duka da launi ɗaya, abin da za ka samu sabulun wanka ne mai jirgi a ciki.

Yanzu jirgin. Abu biyu, kuma kada a tsallake ko ɗaya. Na farko, cikinsa iska ce, in ka sake shi a rezin tasowa zai yi ya karkace. Na huda ƙasansa na soka 'yar sandar roba mai garai-garai, ɗaya bakin na kafa a katako. In rezin ya rufe ta kusan ɓacewa take yi, don yadda haske ke ratsa su biyun ya yi kusa da juna. Jirgin na gaske yana nutsa kusan mita 5 a ruwa in yana tafe a sama, mu ke nan santimita ɗaya da 'yan kai na cikinsa ne zai shiga. Na biyu, a bi duk mahaɗar jikinsa a toshe da gam, a shafe shi da banish sau biyu. In akwai ƙofa ko kamar ta allura, rezin na ɗaukar ɗumi iskar ciki za ta buɗe ta riƙa fitowa, ka wayi gari ka ga jerin kumfa ya daskare a gefen jirgi, ba kuma yadda za ka cire.

To ga rezin ɗin, kwalba biyu, A da B. Nawa biyu ne na A, ɗaya na B. Na wani ɗaya da ɗaya ne. Karanta jikin kwalbarka, ka kuma duba ko da nauyi ake aunawa ko da cika, don ba ɗaya ba ne. Kada ka ce bari in ƙara B ya yi saurin bushewa. Ba zai yi ba, danƙo zai bar maka har abada. Safar hannu, taga a buɗe, yara su yi nisa.

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne mu 'yan Zariya muke shan wahalar da masu bidiyon ƙasashen sanyi ba sa faɗa. Rezin in an haɗa shi zafi yake haifarwa da kansa. Gwargwadon kaurinsa, gwargwadon zafin da ke taruwa a tsakiya, zafin kuma ya ƙara masa sauri. Yawancinsa an yi shi ne don ɗaki mai digiri 20 zuwa 25. Mu kuwa a Maris da Afrilu zafi kan haura 35. Aikina na farko a Afrilu na yi shi, da tsakar rana, a ɗaki mai rufin kwano, na juye lita guda a tashi ɗaya. Ba a yi minti arba'in ba na kai hannu jikin akwatin na janye da sauri. Ina tsaye ina kallo ruwan ya koma ruwan ɗorawa, ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, bayan jirgin ya lotsa kamar kyandir. Wata biyu na yi ina wannan jirgin, ranar ko abinci ban iya ci ba. Shi ya sa nake roƙonku, santimita ɗaya-ɗaya za a zuba, bayan la'asar ko da dare.

Hunturu kuma nasa daban. Da safe sanyi kan sa rezin ya yi kauri kamar zuma, kumfa ta maƙale ta ƙi tasowa. Maganinsa ka tsoma kwalbar A, a rufe, cikin ruwa mai ɗumi na minti goma, ka goge jikinta tas kafin ka buɗe. Sai ƙura. Ƙurar Disamba ba ta san an rufe ƙofa ba. Yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, kashe fanka, ka tanadi kwali mai tsabta da za ka kifa a kai. A watan Agusta kuma laima kan sa fuskar ta yi dishi-dishi, a nemi ranar da gari ya washe.

Santimita ɗaya a akwatinmu mililita 260 ne. Na auna. Ku dubi yadda nake juyawa, a hankali, ba kamar mai kaɗa miya ba. Minti uku cur, ina kankare gefe da ƙasan kofi. Sai in juye a sabon kofi in ƙara minti ɗaya, saboda wanda ya manne a bangon kofin farko bai haɗu ba.

Launi na rezin ne na musamman, mai barin haske ya wuce. Tsinken sakace nake tsomawa, ba na ɗigawa daga kwalba. Wannan zubin farko shuɗi tsoma uku, baƙi rabin tsoma. A kofi zai yi maka kamar bai ji ba. Bar shi haka, in zubi huɗu suka hau kan juna duhun taruwa yake.

Me ka ce? Yana tambaya, "Yaya, fentin ruwa na 'yan makaranta ba zai yi ba?" A'a ƙanena, akwai ruwa a cikinsa, zai dagula shi, jirgin ya ɓace a ciki.

Ina zubawa daga kusurwa, siriri, ina barin shi ya malala da kansa. Teburin na riga na daidaita shi da ma'aunin magina mai kumfa a tsakiya, in ba haka ba teku zai karkace. Jira minti biyar. Kun ga 'yan kumfan sun taso? Laita mai dogon baki, a wuce da ita sama-sama da sauri, kada a tsaya, kada kuma a kusanci jirgin. Na kusa da jirgi da tsinke ake janyo su. Kifa kwali.

Zubi na gaba sai wannan ya kama, ka taɓa da tsinke ka ji danƙo amma bai biyo ka ba. Lokacin nan suke haɗewa ba layi. Na biyu shuɗi tsoma biyu, na uku ɗaya da ɗan kore, na huɗu kusan fari tas. Don kada mu kwana a nan, ga wani da na fara tun makon jiya, ya kwana uku da zubin ƙarshe, ya yi tauri.

Kun gan shi sumul kamar madubi. Teku ba ya haka, sai mun yi masa igiyar ruwa. Wannan farin abin jel ne na masu zane, fari yake a jiƙe, in ya bushe ya zama garau. Dawo da 350 ɗinka. Igiyar ruwa mai tsayin mita 2, wadda ta fi mutum tsawo, a nan ba ta kai milimita 6 ba. Mutum kansa milimita 5 ne, kamar ƙwayar shinkafa. Mafi yawan masu farawa a nan suke ɓata aiki, su tara tudu kamar kunyar doya. Da bayan ƙaramin cokali nake dannawa ina ɗagawa, duk su fuskanci gefe guda, don iska ɗaya ce ke kora su. Kada su yi jere kamar sahu, wata babba, wata ƙarama, wata ta katse a hanya.

Sai sawun jirgi, wanda ni ya fi burge ni a aikin nan duka. Duk abin da ke tsaga ruwa mai zurfi yana barin sawu mai baki biyu a bayansa, kowane gefe ya buɗe kimanin digiri 19 da rabi. Masanin nan na Birtaniya, Lord Kelvin, ya yi bayaninsa tun ƙarni na 19. Ba sai ka je Legas ba. Je bakin dam da sassafe kafin iska ta tashi, ka zauna ka kalli agwagwa ko kwalekwale. Sawun da agwagwa ke bari shi ne na jirgin yaƙi. Ni na yi safiya uku ina kallo kafin hannuna ya gane. Na ja layin da alli mai gogewa tun daga hancin jirgin, a kansa nake ɗora jel.

Kumfar fari kuwa auduga ce. Ɗan figi kaɗan, ka ja shi har ka riƙa hango yatsanka ta ciki, ka kwantar a kan jel tun yana jiƙe, ka danna da jiƙaƙƙen buroshi. A hanci inda yake tsaga ruwa, a gefe siriri, a baya wajen farfela da ɗan yawa, yana raguwa yana watsewa. Ga kuma ramukan nan na gefen jirgi inda ruwa ke kwararowa in igiya ta wanke shi: zare biyu-uku na auduga a sauko da su, a shafe da jel. Matso sosai. Ka ga yadda ya zama kamar yanzu ruwan ya zubo? In ya bushe gobe, farin fenti a bakin buroshi, a goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, a shafi kawunan igiyoyin kawai.

Wanda bai samu jel ba, farin gam na kafintoci da takardar tishu suna yi: a jiƙa, a tattura da buroshi, a yi fenti, a bi da banish mai ƙyalli. Sai dai wannan ba a ganin cikin jirgi ta sama. Silikon ma yana yi, amma fenti ba ya kama shi.

Bari mu cire bango. Wuƙa a kusurwa, a yanke silikon, a ja a hankali. Gefen sama yakan bar kaifi inda rezin ya hau bango, a kankare shi. In gefe ya yi dishi, samfefa da ruwa, daga mai lamba 400 har 2000, kada a goga a bushe saboda ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. Sannan a shafa rezin siriri ya dawo da ƙyalli.

Ƙanena, kashe fitilar ɗakin, miƙo tocilar wayarka ta bayan nan. Sauko da kyamara daidai bakin tebur. Ga cikin jirgin nan a rataye, kore a sama, duhu a ƙasa, sandar ma ba a ganinta. A darasi na gaba za mu ja masa wayar rediyo daga hasumiya zuwa hanci, mu tsayar da mutum biyu a sama. Wanda zai zuba nasa a makon nan, ya fara gwada cokali biyu a murfin kwalba ya ga awa nawa yake ɗauka a ɗakinsa. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.